Yadda na sa aka yanka mana tambulan na kiristal a Waterford

Ɗiyar Yayata ce za ta yi aure, ni kuma ina Ayilan ina aikin jinya, toh kun san yadda abin yake a gidajenmu, duk wanda ke waje sai an rataya masa wani abu a kayan ɗaki ko yana so ko baya so. Ni kayan shogilas aka ɗora min. Niyyata kawai in shiga wani babban shago a Dablin in kwashi kofunan gilashi masu walƙiya set biyu ko uku a zuba a kwali shikenan, sai ranar nan lokacin hutu a wurin aiki ina duba su a waya wata abokiyar aikina 'yar garin Waterford ta leƙo, ta karɓi wayar ta ƙara girman hoton tace min wannan ai ba yanka bane, zubi ne, narkakken gilashi aka danna a cikin mazubi ya fito da zanen a jikinsa. Babanta tsohon mai yankan kiristal ne, wato gilashin nan mai nauyi da walƙiya da ake yanka wa zane a jiki, shekarunsa masu yawa a babbar masana'antar garinsu kafin a rufe ta, tace in dai kuɗina zan kashe in je in ga yadda ake yin na gaske tukuna, in na dawo na ga har yanzu na shagon nake so babu mai hana ni.

Jirgin ƙasa na hau daga tashar Heuston da ke Dablin, awa biyu da ɗan wani abu, ana bi ta Kilkenny. Waterford ba wani babban gari bane amma tsoho ne sosai, 'yan Viking, mayaƙan teku daga arewacin Turai, su ne suka kafa shi a 914 a bakin kogin Suir, tashar jirgin ma a tsallaken kogin take sai ka taka gada ka shigo gari. Na fara da House of Waterford, masana'antar kamfanin kiristal na Waterford da ke kan titin da suke kira Mall, inda ake biyan kuɗi a zagaya da kai ka ga aikin tun daga farko. Gaskiya ya kamata mutum ya fara da nan ɗin ko da ba a nan zai saya ba, don a nan na ga hura gilashi da idona. Tanderun yana haura digiri 1,300, mutum zai zura dogon bututun ƙarfe ya ɗebo gilashin yana ja jawur yana nema ya zube, yana juya bututun ba tsayawa don in ya tsaya abin zai karkace gefe guda, sannan ya saka shi a mazubi ya hura da bakinsa. Wasu mazuban na katako ne, a jiƙe ake ajiye su, kuma duk da haka wuta na cinye su cikin 'yan kwanaki sai an sassaƙa sababbi. Bayan an hura ba a barin kofin ya huce a iska, wani tanderu ake saka shi mai rage zafi a hankali a hankali, in ba haka ba zai tsage da kansa ko ba a taɓa shi ba.

Tarihin ma na tsinci abin da ban zata ba. Wasu mutum biyu 'yan gida ɗaya, George da William Penrose, su suka buɗe masana'antar a 1783, kuma daga Ingila suka ɗauko gwanayen, wani John Hill daga garin Stourbridge ya zo da tawagarsa. Dalili kuwa haraji ne, a Ingila ana karɓar harajin gilashi bisa nauyinsa, shi kuma kiristal nauyi ne da shi, a Ayilan lokacin babu wannan harajin sai sana'ar ta tsallako. Da aka kawo harajin Ayilan a 1825 abin ya fara tangal-tangal har aka rufe a 1851, kusan shekara ɗari babu kiristal a Waterford. Wanda ya farfaɗo da shi a 1947 ma ba ɗan ƙasar bane, Charles Bacik ne daga Cekoslobakiya, tare da Miroslav Havel wanda ya zana zanen Lismore a 1952, wanda har yau shi ne aka fi sani. A wani gidan tarihi da ke kusa, Bishop's Palace, akwai kwalbar Penrose ta 1789 a ajiye, na shiga na gan ta, 'yar ƙarama ce ba ta da wani kwarjini in ba an faɗa maka ba wucewa za ka yi.

Abin da ya kai ni ga ƙaramin shago shi ne abin da ya faru a 2009. A watan Janairun shekarar kamfanin ya durƙushe da bashi aka rufe babbar masana'antarsa da ke unguwar Kilbarry, ma'aikata suka zauna a ciki kusan wata biyu suka ƙi fita, wurin da a lokacin da yake tashe kusan mutum 3,000 ke ci a ƙarƙashin kamfanin. Sunan bai mutu ba, an buɗe wurin na Mall a 2010, a 2015 kamfanin Fiskars na ƙasar Finlan ya saye shi, kuma da yawan kayan da ke ɗauke da sunan yanzu a wasu ƙasashen Turai ake yin su musamman Sulobeniya. Su kuma gwanayen da suka koyi aikin tun suna samari wasu suka bar sana'ar gaba ɗaya, wasu suka buɗe nasu. Dama tun kafin nan akwai waɗanda suka ɓalle, kamar Criostal na Rinne da ke yankin An Rinn inda har yanzu ake jin yaren Airish, da Dingle Crystal can yamma. Bayan rufewar aka samu Irish Handmade Glass Company a cikin gari, sannan J. Hill's Standard da suka ɗauki sunan wancan John Hill ɗin suna aiki da masu zanen zamani. Ni dai baban ƙawata ne ya haɗa ni da wani tsohon abokin aikinsa da ke da ɗan shago a bayan gidansa a wajen gari, shi kaɗai yake aiki sai matarsa da ke riƙe littafin oda.

Dattijo ne mai ƙarancin magana, hannunsa duk ya yi kanta. Shagon sanyi ga danshi ko'ina saboda ruwan da ke zuba kan duwatsun wasawa. Tambayar farko da baban ƙawata yace in yi masa ita na fara yi, wato a ina aka hura, a ina aka yanka. Bai ɓoye min ba, yace shi ba shi da tanderu, tanderun kiristal in ka kunna ba a kashewa dare da rana kuma kuɗin gas ɗin ba na mutum ɗaya bane, saboda haka kofunan yana sayo su ne sumul ba zane daga masu hurawa a wata ƙasar Turai, yankan ne nasa daga farko har ƙarshe. Yawancin ƙananan shagunan haka suke yi kuma ni banga laifin hakan ba in dai an faɗa maka, abin da bana so shi ne a manna wa kaya tutar ƙasa a bar ka kana zato.

Sai muka zo kan me nake so. Nace masa mu ba ma shan giya, don haka kofunan nan masu dogon wuya ba su da amfani a wurinmu, tambulan nake so guda shida da jug ɗaya na ruwa. Ya jera min samfura a kan tebur, gefe guda na gargajiya, zane tun daga gindi har kusa da baki, lu'u-lu'u kan lu'u-lu'u, in haske ya doka sai ka kau da ido. Ɗaya gefen kuma na zamani, wani layuka ne kawai a tsaye siraran gaske sun tsaya a rabin kofin, wani an yanka ƙasan ne kaɗai sama fes, wani ma ba a goge yankan ba an bar shi fari-fari kamar hazo da gangan. Ni tun kallon farko na zamanin ya shiga raina, amma ba ɗakina za a kai ba, sai na kira Yaya a bidiyo na juya mata kyamara.

Tace ke wannan ai kamar ba a gama ba, kuɗin naki ne bai kai ba? A ɗauko mai cika ido mana, mutane za su zo ganin jere.

Nace Yaya bari in tambaye shi wanne ya fi wuya. Na tambaya, ya ɗan yi murmushi ya ɗauko na gargajiyar yace wannan ya fi cin lokaci, amma yana da rufin asiri, in hannunka ya ɗan goce ko gilashin na da ɗan kumfar iska a ciki sai ka bi da wani yankan ka binne shi, babu mai gani. Ya ɗauko mai layuka yace wannan kuwa layi ashirin da wani abu ne a jere kowanne dole ya tsaya daidai inda ɗan'uwansa ya tsaya, zurfinsu ɗaya, in guda ya fi sauran tsawo ko da kaɗan ne daga bakin ƙofa za a hango, kuma gilashi ba a mayar masa da abin da aka cire. Na fassara wa Yaya nace kamar lalle ne, wanda aka cika hannu da shi ba a gane inda mai zanen ta kauce, amma mai layi uku a bayan hannu sai gwana. Tace toh ita dai ba ta ce a'a ba amma a tambayi mai ɗakin. Amarya kuwa ana nuna mata tace Anti wallahi mai layukan, kar ki saurari Mama. Aka tsaya a kan tambulan masu layuka, jug ɗin kuma aka yi wa Yaya kara aka ƙara masa zanen lu'u-lu'u zagaye ɗaya a ƙasa da tauraro a gindi.

Kafin in biya kafin alƙalami ni na tayar da maganar dalma, aikin asibiti ba zai bar ni in yi shiru ba. Abin da ya sa kiristal ya bambanta da gilashin kwalba shi ne sinadarin dalma da ake haɗawa da yashi da fotash, tun 1674 wani Bature George Ravenscroft ya yi rajistar gilashinsa na kiristal a Ingila. Dalmar ce ke ba shi nauyi da walƙiya da wannan ƙarar in ka ɗan ƙwanƙwasa, kuma ita ke sa shi laushin da dutse zai ci shi ba tare da ya farfashe ba. A dokar Turai sai ya kai kashi 24 cikin ɗari kafin a kira shi kiristal mai dalma, tsohon na Waterford ma ya haura kashi 30. Shan ruwa ko lemo a ciki lokacin cin abinci ba shi ne abin damuwa ba, matsalar ita ce a zuba abu mai tsami a bar shi ya kwana ko ya yi kwanaki, tsamin na jawo dalmar ta shiga abin shan kaɗan kaɗan. Nan take zobo ya faɗo min a rai, da tsamiya, da lemon ginger da muke matsa wa lemon tsami, don na san halinmu sarai za a cika jug a tura firij sai gobe. Dattijon yace akwai wanda ba dalma, ana sa wasu sinadaran kamar bariyom ko zink a madadinta, ya fi tauri a kan dutse kuma bai kai wancan nauyi ba amma yana yankuwa. Sai na raba, jug ɗin mara dalma, tambulan masu dalma tunda su ana sha ne a wanke. Na biya rabin kuɗin, kowane tambulan ya haura yuro 70, ban mayar da shi naira ba don kar in fasa.

Ranar da zai fara nawa ya ce in ina da hali in zo in gani, na samu ranar hutu na koma. Abu na farko ba yanka bane, alama ce. Ya ɗora tambulan kan wani faifai mai juyawa ya kafa alƙalamin maka ya ja layi zagaye a inda yankan zai tsaya, sannan ya raba jikin kofin da layuka a tsaye daidai wa daida. Ba zanen yake zanawa ba, iyaka kawai yake sa wa kansa, sauran duk a kansa yake. Yace lokacin da suka koya shekara biyar ake yi ana koyo, a ƙarshe a baka kwano guda ka yanka da ke ɗauke da kowane irin yanka na sana'ar, in ka ci sai ka ƙara shekara uku kafin a kira ka gwani, kuma zanuka da yawa dole ka haddace su don babu mai tsayawa duba takarda ana biyansa da yawan abin da ya gama.

Dutsen kansa faifai ne a tsaye yana juyawa, bakinsa an yi masa kaifi kamar harafin V, ruwa na ɗiga a kai ta wani siririn tiyo don kar gilashin ya yi zafi kuma kar ƙurar ta tashi. A da, ƙarfe da yashi ake fara ci da shi sannan a bi da dutsen yashi a gyara, yanzu faifan da aka shafa wa garin daimon ake amfani da shi. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ba gefen da ke fuskantarsa yake yankawa ba, yana riƙe kofin da hannu biyu gwiwar hannunsa a kafe, yana leƙawa ta cikin kofin yana kallon bangon da ke can ɗaya gefen inda dutsen ke ci, ga ruwa na gudu a kai ga farin gari na taruwa, ni ko layin makar bana gani. Yace rabin aikin da kunne yake yi, ƙarar na canjawa in yankan ya yi zurfi, kuma yatsunsa na jin lokacin da bangon ya fara siranta.

Sai ya miƙo min wani kofi da ya riga ya lalace, ya ɗaura min rigar leda ya ba ni tabarau yace gwada. Na naɗe hannun rigata na gyara mayafi na cusa bakinsa ciki don kar injin ya kama. Wallahi dutsen nan ja yake, kana ɗora gilashin sai ka ji yana neman ƙwace shi ya yi gaba da shi, in ka danna da ƙarfi ya nutse, in ka sassauta ya yi ta zamewa yana barin ƙananan tabo a gefe, ruwan kuma sanyi kamar ƙanƙara cikin minti kaɗan yatsuna sun daina ji. Layin da na ja ya fara siriri ya yi ƙiba a tsakiya ya karkata hagu. Ya karɓa ya ja nasa a gefen nawa cikin daƙiƙa kaɗan ko kallon kirki bai yi ba. Ina tsaye ina ɗumama hannu na ba shi labarin masu aikin gilashi na Bida da ke narka kwalabe suna yin munduwa da duwatsun wuya, ya tsayar da injin gaba ɗaya yana tambayata da me suke hura wutar, na nemo masa bidiyo muka kalla tare, yace aikin wuta daban ne shi bai taɓa iya shi ba, a masana'anta ma masu hurawa da masu yanka kowa da ɓangarensa, har wurin shan shayi ba sa cika haɗuwa.

Yankan in an gama ba walƙiya yake ba, fari ne dusu-dusu, sai an goge. Manyan masana'antu cikin asid suke tsomawa, haɗin asid mai cin gilashi ne mai haɗarin gaske, yana cinye saman kaɗan ya bar shi yana sheƙi cikin ɗan lokaci, amma yana ɗan dakushe kaifin yankan. Shi da hannu yake goge ƙananan oda, faifai mai laushi da garin gogewa, layi bayan layi, shi ya sa in ka shafa nasa za ka ji bakin kowane layi a yatsa. A nan lokacin ya tafi. An ce min makonni kaɗan, abin ya ja ya haura wata, Yaya kullum sai ta turo saƙo wai ko dai Baturen ya gudu da kuɗin ne, ni kuma na ƙi matsa masa don matarsa ta riga ta gaya min tambulan ɗaya ya tsage a wurin gogewa sai da ya sake daga farko, kuma ba a ƙara min ko sisi ba.

Da na je karɓa sai da ya zaunar da ni ya koya min dubawa, yace ko a wani wurin zan saya nan gaba. A ɗaga a haske a nemi layin haɗi a jiki daga sama zuwa ƙasa, in akwai shi zubi ne. A shafa zanen, na zubi gefensa a dunƙule yake santsi. A juya gindi a kalli tauraron ko duk ƙafafunsa sun haɗu a tsakiya. A ɗan buga baki da farce a saurara, mai dalma ƙararsa na daɗewa. Sannan a jera biyu a kwatanta, in sun yi daidai ɗari bisa ɗari har ba ka iya samun bambanci ko ɗaya to wataƙila inji mai kwamfuta ne ya yanka, don yanzu akwai shi kuma yana aiki mai kyau, kawai dai bai kamata a karɓi kuɗin hannu a kansa ba. Nawa shidan in ka ƙura ido sosai za ka ga ƙarshen layukan wani ya fi wani tsini kaɗan. Ya sa hannu a gindin kowanne da ɗan ƙaramin abin rubutu mai kan daimon.

Sharuɗɗan kula da su na rubuta da Hausa a takarda na saka cikin kwalin, na kuma yi wa amarya voice note don na san takardar ɓata za ta yi. Ba a zuba shayi ko ruwan zafi, ba a fito da shi daga firij a zuba abu mai ɗumi, canjin zafi farat ɗaya ke tsaga shi. Ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu kaɗan, a shimfiɗa tawul a ƙasan wurin wankin, ɗaya bayan ɗaya, ba soson ƙarfe, ba injin wanke-wanke. Kar a kife shi a kan bakinsa don bakin ne ya fi rauni, kar kuma a cusa wani cikin wani. Na ƙara da cewa dan Allah a riƙa sha da su, kar a kulle a shogilas shekara goma ana jiran baƙon da ya isa.

Ɗaukowa kuwa ban yarda na sa su a akwatin da ake aunawa ba. Kowanne na cusa masa safa a ciki na naɗe da leda mai kumfa, tambulan a jakar hannu, jug ɗin a cikin kwalinsa na rungume. A filin jirgi na'urar duba kaya ta nuna su baƙi ƙirin saboda dalmar, sai da aka sa na kwance biyu aka ɗaga aka gani, ma'aikaciyar ta tambaye ni a ina na samu na faɗa mata, ta taya ni mayar da su. Haka aka sake yi a inda muka canja jirgi, don haka duk mai niyyar ɗauko irinsu ya je da wuri kuma kar ya naɗe da salatif ɗin da sai an nemo almakashi.